Neman Gurbin Karatu a Jami'ar Waje Daga Legas: Abin da Ake Yi Kafin a Kai ga Biza

Wata rana da damina, bayan sallar isha'i, wani yaron unguwarmu a Agege ya same ni a ƙofar gida. Ya zaro takardunsa daga baƙar leda ya shimfiɗa su a kan tabarma, ya ce, "Yaya, Baba ya amince in tafi waje karatu. Wa ka sani da ke yin biza?" Na kunna fitilar waya na fara dubawa. A sakamakon WAEC sunansa Mohammed. A katin NIN, Muhammad. A takardar haihuwa an rubuta Muhammadu, aka kuma liƙa masa sunan garinsu a ƙarshe, wanda babu shi a sauran takardun. Ranar haihuwa ma biyu ce: ɗaya 1 ga Janairu, ɗaya a cikin Mayu. Na ce masa, "Ƙanena, biza ita ce ƙofa ta ƙarshe. Mu zauna mu fara buɗe ta farko."

Can inda za ka nema babu wanda ya san ka. Ba su san mahaifinka mutum ne da ake danƙa wa tirelar albasa a Mile 12 ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. Ba su san kai ne kake koya wa yaran Islamiyya lissafi kyauta ba. Takarda kawai suke gani, ita ce za ta tsaya maka a gaban jami'a, a gaban masu ba da tallafi, da gaban jami'in biza. Mu kuwa mun saba da cinikin baki da shaidar mutunci. Shi ya sa yaranmu masu ƙoƙari suke faɗuwa a inda bai kamata su faɗi ba, kuma abin yana ci mini rai. Aikin da ke gabanka shi ne ka sa duk takardunka su yi magana da baki ɗaya, kuma maganar ta zama gaskiya.

Suna da ranar haihuwa

Ka tattaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da NIN, da sakamakon WAEC ko NECO, da shaidar digiri in kana da ita, da bayanan BVN ɗinka. Jera su, ka bi harafi bayan harafi. Abubakar da Abubakr ba ɗaya ba ne a idon kwamfuta. Haka Aisha da Aishatu, haka Abdullahi da Abdulahi. Ka duba jerin sunayen ma, wanne ne na farko, wanne ne na mahaifi, domin a fom ɗin waje sunan da ka sa a gurbin sunan dangi shi zai bi ka har kan shaidar kammalawa.

Shawarata ita ce ka ɗauki sunan da ke kan takardun makaranta ka mai da shi tushe, tunda su ne suka fi wuyar gyarawa, sai ka daidaita NIN da sauran a kansa ta hanyar hukumar NIMC mai ba da NIN. Inda bambancin ya riga ya zauna, a yi takardar rantsuwa a babbar kotu, a buga sanarwar gyaran suna a jarida, a adana shafin jaridar. In matsalar ta WAEC ce, babban ofishinsu na Najeriya yana nan Yaba. Sai bayan an gama wannan za ka nemi fasfo, don Hukumar Shige da Fice da bayanan NIN take aiki. Ana cike fom a biya kuɗi ta intanet, sannan a je ɗaukar hoto da zanen yatsa a ofishin Ikoyi, ko Alausa a Ikeja, ko Festac. Akwai fasfo mai shekara 5, akwai mai shekara 10. Mai shirin digirin shekara huɗu ya daure ya yi na shekara 10, kada fasfo ya mutu masa a tsakiyar karatu a ƙasar da ofishin jakadancinmu yake nesa da garinsa.

Wannan mataki shi kaɗai yana iya cin wata biyu ko uku. Kada ka bar shi sai jami'a ta amsa.

Wace ƙasa, kuma da aljihun wa

Yara da yawa ƙasa suke fara zaɓa saboda wani aboki ya turo hoto cikin dusar ƙanƙara. Ni tambaya uku nake yi. Me kake so ka karanta? Wa zai biya, har shekara nawa? In ka dawo da takardar, Najeriya za ta karɓe ta?

Tambaya ta uku ta fi shafar mu mazauna Legas, saboda Kwatano tana nan kusa, ka bi ta Badagry ka tsallaka Seme ka isa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a can cikin makonni shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. Yaran da suka yi karatu na gaskiya ma abin ya shafe su. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar ilimi ta ƙasar da jami'ar take ta amince da ita. Ka sani kuma duk wanda ya yi digiri a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya shiga bautar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, kafin ya taɓa majiyyaci a nan, kuma jarrabawa ce da take kayar da mutane da yawa. Wanda ya karanta shari'a akwai ƙarin zango da zai yi a Makarantar Horar da Lauyoyi. Ka duba zaman lafiyar ƙasar ma. Mun ga yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Yukren a 2022, aka kwaso wasu daga Sudan a 2023, da yawa ba tare da takardar sakamakonsu ba.

Ta fuskar kuɗi, Ingila da Amurka da Kanada da Ostireliya su ne masu tsada. Jamus ba ta karɓar kuɗin makaranta a yawancin jami'o'in gwamnati, sai ɗan kuɗin zango, in ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 duk zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Sai dai kuɗin zama yana wuyanka, kuma digirin farko galibi da Jamusanci ake yi, wanda ake koyarwa a cibiyar Goethe a nan Legas. Maleshiya da Turkiyya da Masar da Indiya sun fi sauƙi, kuma samun masallaci da abincin halal ba wahala. Mai son ilimin addini da Larabci yana da Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar ta Alƙahira.

Wani abu da ba a faɗa wa yara da wuri: sakamakon sakandare shi kaɗai ba ko'ina yake kai mutum aji ɗaya na jami'a ba. Jami'o'in Ingila da yawa sai ka yi shekarar share fage, Jamus ma tana da tata. Wannan ƙarin shekara ce ta kuɗi. Shi ya sa in iyali ba su da ƙarfi sosai nake cewa a yi digirin farko a gida da kyau, a fito da sakamako mai daraja, sannan a nemi digiri na biyu a waje. A Ingila shekara ɗaya ne, kuma a matakin ne tallafi ya fi yawa.

Game da Amurka, a Disamban 2025 gwamnatinta ta sanar da taƙaita ba 'yan Najeriya wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai, daga farkon 2026. Duk mai niyyar can ya fara karanta sanarwar da ke shafin ofishin jakadancinsu a ranar da zai nema, kafin ya kashe kuɗin jarrabawa da na fom.

Lokaci

Yawancin jami'o'in Turai da Arewacin Amurka suna buɗe shekara tsakanin ƙarshen Agusta da Oktoba. Ka ƙirga baya wata 12 zuwa 15, nan ne mafarinka. Digirin farko a Ingila ta shafin UCAS ake nema, ana zaɓar kwas har biyar. Oxford da Kambirij da kwasa-kwasan likitanci suna rufewa 15 ga Oktoba, sauran kuma a Janairu. A Jamus ranar da aka fi sani ita ce 15 ga Yuli don zangon hunturu da 15 ga Janairu don na bazara, kuma jami'o'i da dama ta hannun wata cibiyar tantance takardu mai suna uni-assist suke karɓar takardu. Digiri na biyu kuwa galibi kai tsaye ake nema a shafin jami'ar, kowace da ranarta. Ka sayi littafi mai layi, kowace jami'a shafi ɗaya: ranar rufewa, kuɗin fom, takardun da take so, kuɗin shekara. Jami'a biyar zuwa bakwai sun isa, biyu da kake ganin sun fi ƙarfinka, sauran daidai kai.

Takardun karatu

Mai neman digirin farko zai buƙaci shaidar WAEC ko NECO, kuma sau da yawa jami'a za ta nemi lambar katin duba sakamako don ta tabbatar da kanta. WAEC tana da shafin da ake sauke shaidar kammalawa ta intanet tun 2022, wanda ya rage wa mutane zirga-zirga.

Mai neman digiri na biyu babban aikinsa transkirif ne, wato takardar da ke ɗauke da makin kowane darasi tun daga aji ɗaya. Ni nawa sai da na yi wata huɗu ina bibiya, daga Legas ina kiran wani abokin karatuna yana hawa bene yana sauka a madadina. Ka nema tun yau, ko ba ka gama zaɓar jami'a ba. Wasu jami'o'in Amurka da Kanada suna so wata cibiya kamar WES ta auna takardar da ma'auninsu, kuma WES daga makarantarka take son takardar ta zo kai tsaye, ba daga hannunka ba. Ƙasashe irin su Saudiyya da wasu na Turai suna neman a buga wa takardun hatimi a Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, wasu har da fassara zuwa harshensu. Mai HND ya rubuta wa jami'ar ya tambaya tun farko, don wasu suna karɓa, wasu sai an yi kwas na cike gibi.

Sai jarrabawar Turanci. IELTS tana da ɓangare huɗu, saurare da karatu da rubutu da magana, ana ba da maki har 9, kuma yawancin kwasa-kwasai 6.0 ko 6.5 suke nema. British Council tana shirya ta a Legas, sakamakonta kuma shekara biyu yake aiki. Akwai TOEFL, akwai ta Duolingo da ake yi a gida da kwamfuta. Amma kafin ka biya, ka karanta shafin da jami'ar ta ware wa 'yan Najeriya. Jami'o'in Ingila da yawa suna karɓar C6 a Turancin WAEC a madadin IELTS. Na ga wanda ya biya kuɗi mai yawa ya yi jarrabawar, daga baya ya gano ba a ma buƙace ta ba. In ta zama dole, yaranmu sun fi shan wuya a saurare da rubutu. Wata biyu na sauraren rediyon Turanci da rubuta shafi ɗaya kullum ya fi darasin mako guda na gaggawa.

Wasiƙun shaida biyu ko uku daga malaman da suka koyar da kai. Kada ka nemi babban suna wanda bai san fuskarka ba. Malamar da ta duba aikinka na ƙarshe ta fi shugaban tsangayar da zai rubuta layi uku. Ka ba su wata guda, ka ba su takardar tarihin karatunka, ka kuma tuna musu cikin ladabi, don jami'a ta imel take tura musu hanyar ɗora wasiƙar.

Takardar bayanin kai ita ce wurin da kake da bakin magana. A nan tarbiyyarmu take ɗan tauye mu, don an koya mana kunya da rashin yabon kai. Ba yabon kai ake nema ba, labarin abin da ka yi ake nema. Wata yarinya daga Idi-Araba ta kawo mini nata, shafi guda cike da "tun ina ƙarama nake son taimakon al'umma". Na ce, "Ƙanwata, wa kika taimaka?" Sai ta ba ni labarin yadda take raka matan unguwa asibiti tana yi musu tafinta tsakanin Hausa da Yarbanci da Turanci, da yadda ta lura da yawansu ba sa gama shan magani saboda ba a yi musu bayani da harshen da suke ji ba. Na ce to wannan za ki rubuta, kuma shi ne dalilinki na neman kwas ɗin kiwon lafiyar al'umma. Yaron da ya taso a Legas yana jin harshe uku, yana riƙe wa mahaifinsa littafin bashi a kasuwa tun yana aji uku, yana da abin faɗa. Ka rubuta da kanka. Wanda aka saya ko aka kwafo, masu karantawa sun ga irinsa ɗari, kuma UCAS tana da manhajar gano kwafe.

Tallafi

Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan komai na digiri na biyu, tana buɗewa a Agusta, tana neman gogewar aiki ta shekara biyu, da alƙawarin dawowa gida na shekara biyu bayan kammalawa. Akwai na Commonwealth, akwai DAAD ta Jamus, akwai Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, akwai shirin Gidauniyar Mastercard da ke aiki da jami'o'i a Afirka da wajenta. Tallafin gwamnatin Turkiyya yana buɗewa a Janairu ya rufe a Fabrairu, kuma yana haɗawa da shekarar koyon harshe. Na Hangari ma a Janairu yake rufewa. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana da nasa. A gida akwai PTDF ga masu fannin man fetur da makamashi. Jami'ar Madina tana ɗaukar nauyin ɗalibanta, tana kuma neman wasiƙun tazkiya daga malamai ko cibiyoyin da aka sani. Wanda iyayensa 'yan wata jiha ne a Arewa ya riƙa bibiyar hukumar tallafin karatu ta jiharsu, ya kuma tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma, don zama a Legas bai cire shi daga cikin 'yan jiha ba.

Duk waɗannan kyauta ake nema. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka sunanka a jerin tallafi, ɓarawo ne.

Kuɗi, da yadda ake nuna shi

A nan ne na fi ganin hawaye, don haka zan daɗe.

Iyayenmu da yawa suna da dukiya, amma ba a banki take ba. Tana cikin shanu a Oko-Oba, cikin buhuna a Mile 12, cikin raguna a Alaba Rago, ko tana juyawa a hannun 'yan canji. Ofishin biza ba ya ƙirga shanu. Na taɓa zama da wani dattijo a rumfarsa ina yi masa wannan bayani, ya ce, "Malam, ai in kuɗi ne gobe da safe sai in sa a zuba masa a asusu." Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ai zubawar dare ɗaya ita ce matsalar. Suna so su ga kuɗin ya kwana, su kuma ga inda ya fito."

Dokar Birtaniya a fili take. Sai ka nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin zama na wata 9, wanda ya haura fam 1,400 a wata a Landan, ya kuma haura fam 1,100 a wajenta. Kuɗin ya zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da ya sauka ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka miƙa neman biza. Asusun ya zama naka ko na mahaifi ko mahaifiya, tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Asusun kamfani ba ya shiga. Na kawu ko baffa ma ba ya shiga, ko da shi ya rene ka tun kana jariri, sai in kotu ce ta ba shi riƙonka a rubuce. Wannan yana yi wa mutanenmu ciwo, don a wurinmu baffa uba ne. Mafita ita ce in shi zai biya, ya tura kuɗin asusunka da wuri, ta banki, a ajiye shaidar turawar da wasiƙarsa ta bayani. Ban da wannan akwai kuɗin biza da kuɗin kiwon lafiya na fam 776 a kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun kafin a tafi.

Jamus asusu na musamman take sa a buɗe a kulle kuɗin shekara a ciki, yuro 11,904 tun daga Satumban 2024, ana sakar maka yuro 992 duk wata. Kanada ta ɗaga kuɗin zaman da ake nunawa daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024, ta sake ƙarawa a 2025, ta kuma rage yawan ɗaliban da take ɗauka. Jami'anta suna duba tarihin asusu na watanni. Saboda haka dattijon da ke son ɗansa ya tafi baɗi, tun bana ya fara shigar da cinikinsa banki, ya yi rajistar kasuwancinsa, ya riƙa ajiye rasit.

Akwai masu ba da hayar kuɗi: su zuba maka miliyoyi a asusu na wata guda, ka biya su lada, su kwashe abinsu. Akwai masu buga takardar banki ta bogi. Ina roƙonka kada ka kusance su. Birtaniya tana iya hana mai takardar ƙarya shiga har shekara 10, Kanada shekara 5. Ko ka tsallake ma, ranar biyan kashi na biyu na kuɗin makaranta tana nan tafe. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ka yi lissafi da faɗuwar naira a zuciyarka. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Iyalan da suka tanadi kuɗin shekara biyu suka wayi gari ko na shekara ɗaya bai cika ba, har aka dakatar da wasu ɗalibanmu a Ingila saboda bashin makaranta. In da hali a buɗe asusun dala a riƙa tarawa a ciki. Kada kuma a dogara da aikin da yaro zai yi a can. A Birtaniya awa 20 a mako doka ta yarda lokacin karatu, abin da zai samu na abinci ne da ɗan haya, ba zai biya makaranta ba. Masu iyali su sani tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya tafiya da mata da yara, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Wajen biya, ta hanyar da jami'ar ta nuna a shafinta kawai za ka tura, ko ta bankinka da Fom A, wato fom ɗin sayen kuɗin waje don biyan makaranta, ko ta kamfanonin da jami'ar ta ambata kamar Flywire. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi in an hana ka biza.

Ejan

Ejan su ne masu shiga tsakani su nema wa mutum gurbi da biza, ofisoshinsu sun cika Ikeja da Yaba. Akwai na kirki, waɗanda jami'o'i ke biya lada, kuma za ka ga sunansu a shafin jami'ar. Amma babu abin da ejan zai yi wanda ba za ka iya da wayarka ba, kuma zuwa da kai ya fi aike. In ka ga dole sai da shi, imel ɗin da za a yi amfani da shi ya zama naka, kalmar sirri a hannunka, ka karanta duk abin da za a tura da sunanka, kada ka bar masa asalin takardunka, kada kuma kuɗin makaranta ya bi ta asusunsa. Wanda ya ce maka biza tabbas ce, tashi ka bar wurin.

Bayan an ba ka gurbi

Wasiƙar farko sau da yawa mai sharaɗi ce, sai ka cika abin da ya rage. Bayan nan kowace ƙasa da takardar da ake kaiwa neman biza: CAS a Birtaniya, I-20 a Amurka, wasiƙar karɓa a Kanada wadda mafi yawan masu digirin farko ke haɗawa da takardar amincewar lardin da makarantar take. Jami'o'in Ingila da yawa suna yin hira ta bidiyo kafin su ba da CAS. Za su tambaye ka me ya sa wannan kwas, waɗanne darussa ke ciki, nawa ne kuɗin, wa zai biya, ina za ka zauna, me za ka yi in ka gama. Wanda ya cike fom ɗinsa da kansa ba ya daburcewa a nan. Ka nemi wuri mai shiru da intanet mai ƙarfi, ka cika cajin waya da kwamfuta tun dare.

Mai zuwa Birtaniya sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kamar na hukumar ƙaura ta duniya, IOM, a Ikeja, takardar kuma wata shida take aiki. Ƙasar da ta nemi shaidar rashin laifi, a Alagbon da ke Ikoyi 'yan sanda suke bayarwa. Ana iya neman bizar Birtaniya tun wata shida kafin fara karatu, amsa kuma takan ɗauki kamar mako uku, sai dai Yuli da Agusta layi yana tsawo. In ranarka ta faɗo a Victoria Island, inda ƙananan ofisoshin jakadancin Amurka da Jamus suke a titin Walter Carrington, daga Agege ko Ojo ka fito da an idar da asuba. Gadar Third Mainland ba ta san kana da alƙawari ba.

Ga iyayen da ke fargabar tura 'ya mace, fargabarsu tana da tushe kuma tana da magani. Jami'o'i da yawa suna da ɓangaren kwanan mata zalla in an nema da wuri, kusan kowace babbar jami'a tana da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta 'yan Najeriya, kuma ana ɗaukar hoton fasfo da na biza da hijabi muddin fuska a buɗe take. A rubuta wa ƙungiyar tun daga nan, a samu wadda za ta tarbe ta.

Kada ka sayi tikiti sai biza ta fito. Ka kama ɗaki ta hannun jami'a ko da na zangon farko ne, don masu damfarar haya ta intanet sabon zuwa suke jira. Ka karɓi katin rigakafin shawara a ofishin lafiya na filin jirgin Murtala Muhammed in ƙasar ko inda za ka yada zango suna nema. Ranar tafiya, fasfo da wasiƙar gurbi da rasit ɗin biyan makaranta da takardar banki da takardar gwajin lafiya da adireshin masauki duk su kasance a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a auna ba, don jami'in shige da fice na can yana iya tambayarsu kafin ka ga kayanka. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, Birtaniya da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin a shiga da nama daga nan. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa imel ɗinka, ka kuma bar kwafi ɗaya a hannun wani babba a gida. Tsohon fasfo mai hatimin shiga da fita, da wasiƙar gurbi, da izinin zama, kada ka yar da ko ɗaya, za a neme su ranar da ka dawo yin rajistar bautar ƙasa.